Kada Ki Roƙe Ni Karo na Biyu

Ranar da ɗana Mirkomil ya ce ya amince, ban yi guɗa ba. Ɗaki na shiga na zauna a kan akwatina, na miƙe ƙafa, na yi ta hamdala har bakina ya bushe.

Mun sha wuya kafin a kai nan. Shi Behruz yake so wa 'yarsa Zarnigor, ɗan masu babban zauren bikin nan na hanyar Fargona, mai farar mota da agogon da ya fi hannunsa nauyi. Ita kuma ta kafe a kan Javlon, direban motar haya mai tsallaka dutse zuwa Tashkent, wanda ubansa ya rasu tun yana rarrafe, jikan Usta Ergash, gwanin unguwarmu mai dafa osh, shinkafar biki. Yarinya ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta. Uban ya daina cin abinci tare da mu. Ni ce a tsakiya, in lallashi wannan in zagi wancan.

A ƙarshe dai aka karya gurasa a gaban dattawa, dangin Javlon suka ajiye mana farin ƙyallen alkawari, na ninke shi na kulle a akwatina. Sai dai Mirkomil bai amince kyauta ba.

"Na ba ki shi," ya ce mata, idonsa a kan bango. "Amma ƙafata ba za ta taka ƙofar mahauci ko mai kujeru ba. Wadda ta zaɓi miji ita kaɗai, sai ta shirya bikinta ita kaɗai."

Ya san abin da ya ɗora mata. Maza ɗari biyar ne za su zo cin osh da sassafe ranar biki, ban da taron mata, ban da na yamma. Ita kuwa a kantin magani take wuni. Ya zaci za ta dawo tana kuka ta ce ta fasa.

Ba ta yi kuka ba. Waya ta ɗauko.

"Buvi, ba aljani ba ne," ta ce da ta ga na matsa gefe, don Buvi, wato kaka, take kira na. "Basirar na'ura ce. Na ba ta lambobin masu aiki duka, ita za ta riƙa yi musu magana a madadina, ta ji amsarsu, ta tuna musu rana. In abu ya yi girma ta tambaye ni."

"Tana gaishe su kafin ta fara?"

"Har iyalansu take tambaya."

Na sa mata suna 'Yar Aike. Kuma gaskiya ta yi aiki. Tanderun mai gurasa ya tsage, kafin labari ya iso mana ta riga ta raba aikin da wani na bayan kasuwa. Mahauci ya ɗaga lokacin kawo nama, ta sanar da masu yanka karas su ma su ɗaga. Masu kakaki sun yi wa gida biyu alkawari rana ɗaya, ta bi su a hankali, ba zagi ba tsawa, har suka saki wancan gidan. Wanda bai iya karatu ba irina, da murya take aika masa.

Ni ban taɓa shiga aji ba, amma babu kwanon da ya shigo gidan nan da ban san da me ya zo ba, da me ya koma. Na san wadda ta zo min gaisuwar mutuwa da ƙafarta, na san wadda ta aiko 'yarta. Da na ga abar nan ba ta manta ko cokali, sai ta kwanta min a rai. Na fara barci mai nauyi. Zarnigor ta fara ciko, har tana waƙa in tana shara.

Muna cikin wannan daɗin ne Oygul ta zo.

Hantsi ne, ranar hutun Zarnigor, ina ƙarƙashin inabi ina tsince shinkafa. Uwar ango ta shigo gidan surukai hannu banza, ko gurasa babu. Tun daga nan na ajiye faifan.

"Ƙaraso, Oygul, shayi da zafinsa."

"Hola," ta ce, yadda muke kiran goggo, "ba zama na zo yi ba. Farin ƙyallenmu na zo karɓa."

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Zarnigor. Mirkomil ya leƙo daga ɗaki da tabarau a goshi.

"Wane laifi muka yi?" na ce.

"Ku kuke tambaya? Wa ya dafa osh ɗin bikin ɗanku?"

"Usta Ergash."

"Na sadakar maigidanku fa?"

"Shi ne."

"To yau bikin jikansa ne, kuma an ɗauke tukunya an miƙa wa gidan su Behruz. Jiya a gidan shayi jaje ake yi wa surukina kamar an yi masa mutuwa. Behruz da kansa ya tsayar da mota a tasha, gaban direbobi, ya ce wa ɗana, 'Kai ka samu amarya, mu mun samu tukunya. Tsohon ya zo mu koya masa aiki.'" Ta dafa ƙirji. "Kun ce mu masu hayaƙi ne, mun haɗiye. Wannan kam ba zai wuce min ba."

Na juya wajen jikata. Fuskarta ta yi fari fat, wayar na hannunta.

"Kunna mu ji," na ce.

Muryar 'Yar Aike ta fito, da ladabinta. Ta gaishe da Usta, ta tambayi jikinsa, ta faɗi rana da yawan mutane, ta roƙe shi ya kama mana tukunya. Sai tasa, a kasalance: "Ayya 'yata, na tsufa, hannuna ya mutu. Ku nemi yaro mai ƙarfi." Sai 'Yar Aike ta yi masa godiya, ta yi masa addu'ar lafiya, ta ce ba za a ɗora masa nauyi ba.

Na dafe kai.

Duk garin nan namu na Margilon babu wanda bai san wannan maganar ba. Tun ina goyon Mirkomil Usta yake cewa ya tsufa. Sai ka koma da gurasa ya ce bayansa ke ciwo, ka sake komawa, sannan ya gyara zama ya ce mutum nawa ne. Ba a taɓa ɗaukar ƙin farko an tafi da shi ba.

"Ta tambaye ni, Buvi," in ji Zarnigor, hawaye na zuba. "Ranar da kanti ya cika ne. Ta ce mai dafuwa ya ba da uzuri, wuri ɗaya ne ya rage mai iya ciyar da mutum ɗari biyar a ranar, ta kama? Na danna mata eh, ban ko duba suna ba. Wallahi Hola ban sani ba."

"Ni ba Holarki ba ce tukuna," in ji Oygul.

Mirkomil ya sauko da tabaransa, ya gyara murya. Ni na haife shi, na ga daɗin da yake ɓoyewa a gefen baki.

"Aya," ya ce, yadda muke kiran uwa, "ki ba ta ƙyallenta. Mu ba ma riƙe kayan mutane."

"Makullin a wuyanka yake?"

Ya mayar da tabaransa goshi.

"To koma ɗaki." Na dubi Oygul. "Ranar da aka kawo gawar mijinki daga hanyar dutse, a cinyar wa kika farfaɗo?"

Ta sunkuyar da kai. "A taku."

"Ban taɓa tambayar ki komai a kai ba. Yau ina tambaya. Ki bar ƙyallen nan a inda yake har in ga Usta da idona. In na fito daga gidanku kina kan bakanki, ni zan kai miki shi da hannuna."

Ta juya ta fita ba sallama. Amma ba ta ce a'a ba.

Ina ɗaki ina naɗe gurasa a ƙyalle, na ji motar Javlon ta tsaya. Tagata ta kalli ƙofar gida, kuma kunnena bai tsufa ba.

"Javlon aka," na ji muryar Zarnigor, aka ɗin nan shi ne yaya a wajenmu, "ka ce wani abu mana."

"Me zan ce, Zari?"

"Ka ce ka san ba da gangan na yi ba."

"Na sani."

"To me ya sa ba ka kallo na?"

Sai ya ce, "Mutumin nan shi ya saya min takalmin makaranta. Shi ya sayar da tukunyarsa ta biyu ya haɗa min kuɗin mota. Shekaranjiya na dawo na tarar da shi zaune a tsakar gida, idonsa jajir, ya yi kuka. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne ɗansa an ce bai yi ba."

"Ni ma na yi kuka, Javlon aka. Shekara guda ina yi. Mahaifina bai amsa gaisuwata ba tun bazara saboda kai. An kawo min zinariya a akwati na mayar. Yanzu dannawa ɗaya da na yi da yatsa ta goge wannan duka?"

"Ba ni na ce ba. Aya ta rantse."

"Kai fa? Kai me ka rantse min a bakin rafi?"

"Zari, kada ki sa ni zaɓa tsakaninki da su."

"Ni na zaɓa. Ban mutu ba."

Kuka ya ci ƙarfinta. Na ji shi ma yana jan hanci, yana cewa ta yi haƙuri, ta daina, mutane na wucewa. Na bar su suka ɗan jiƙa, don wani kukan magani ne, sannan na fito da ƙunshina.

"Kai direba, share fuska ka buɗe min ƙofa. Ke ma shiga. Ki riƙo 'Yar Aikenki."

Gidan Usta bayan masallaci yake, tafiyar ƙafa ce, amma na so unguwa ta gan ni a motar angon. Na bar su biyun a waje. Oygul na ɗakin girki tana buga kwanoni don in san tana nan.

Usta Ergash na zaune kan gadon katako a tsakar gida, da butar shayi a gabansa. Na yi sallama, na kwance ƙyalle, na ajiye gurasa. Na buɗe baki ke nan ya ɗaga hannu.

"Hosiyat, zauna. Amma kada ki ce komai tukuna."

Ya zuba min shayi. Bakin butar na ta ƙwanƙwasar kofi, rabi ya zube a kan shimfiɗa. Ya waiga wajen ɗakin girki, ya rage murya.

"Miƙo min gishirin can."

Na miƙa. Ya ɗebo da yatsa uku ya zuba a harshe, ya tauna yana kallo na, fuskarsa ko motsi.

"Yashi," ya ce. "Tun zazzaɓin da na yi lokacin sanyi. Gishiri, barkono, zuma, duk yashi."

"Usta..."

"Sunan jikan mai aski, ni na dafa. Da ido na zuba gishiri. Maza suka ci suka sa albarka, suka ce hannun Usta sai shi. Amma farantai sun dawo da saura, Hosiyat. Bakin mutum yana ƙarya, faranti ba ya yi. Na tsaya bayan tukunya ina kallon su suna dawowa ɗaya bayan ɗaya."

Na ɗauke gishirin na ajiye gefe.

"Na yi shekaru ina cewa na tsufa, ana dawowa da gurasa," ya ci gaba. "Wannan karon gaskiya na faɗa. Na faɗa wa liman, ya yi dariya. Na faɗa wa mai aski, ya dawo da rago. Duk garin nan ba wanda ya yarda da ni sai abar nan ta cikin waya. Da ta ce min ba za a ɗora min nauyi ba, na zauna na yi kuka. Yaron ya gan ni ya zaci baƙin ciki ne. Na daɗi ne. Rabona da barci irin na shekaranjiya tun kafin in kwanta ciwo."

"Me ya hana ka gaya wa Oygul?"

"Yarinyar nan ɗana ya mutu ya bar ta da ƙuruciyarta. Ba ta koma gidansu ba, ba ta yi wani aure ba, ta zauna tana wanke min riguna masu hayaƙi. Ba ta da gona ba ta da zinariya. Abin da take shiga taro da shi kanta a sama shi ne ita surukar Usta Ergash ce. In karɓe wannan ma?"

Ya kamo gefen ƙyallen gurasar ya rufe ta.

"Na san abin da ya kawo ki. Kada ki roƙe ni karo na biyu. In kika roƙa ba ni da bakin ƙi, kin sani. Zan tsaya, zan dafa, in kunyata jikana a gaban maza ɗari biyar, da surukin da dama bai so shi ba."

Na riƙe kofin ina juya shi. In na roƙa, na kashe tsoho. In na tashi ban roƙa ba, Oygul ta karɓi ƙyallenta, yarinyata ta koma ramewa, Behruz ya wanke motarsa ya dawo ƙofarmu.

Ina kallon shi, da ƙeyarsa da wuta ta gasa, da tabon mai a hannunsa. Na lalubi duk bukukuwan da na sani a unguwar nan, na aure da na suna da na sadaka. Sai na ga ban taɓa jin an ce Usta ya zauna a wajen osh ba. Kullum a tsaye, bayan gida, cikin hayaƙi, ana kiran sunansa daga nesa.

Na dire kofin da ƙarfi, na ɗaga murya yadda za ta kai ɗakin girki ta wuce.

"Wa ya ce maka roƙo na zo yi? Kai Ergash, ka ji min mutum. Roƙon me?"

Ya zaro ido. Ƙarar kwanoni ta tsaya.

"Ni Hosiyat, a gidana, kakan ango ya tsaya bayan ɗaki yana shaƙar hayaƙi, masu shaguna na zaune a kan katifu suna lasar yatsa? Surukina? Ka dafa wa kowa, yau a dafa maka. Ni na ce kada a sake tambayarka. Ni na ce a nemo wasu su yi gumin."

Oygul ta fito, hannunta jiƙe, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ku kuka ce, Hola?"

"Da wa kike tsammani? Yarinyar da ba ta san farashin albasa ba?"

"To me ya sa ba ku faɗa ɗazu ba?"

"A gaban Mirkomil? Ya ji zan zaunar da Usta sama da abokansa, ya ɓata min shiri? Kuma kin shigo min kamar 'yar sanda, kin ba ni wurin magana?"

Ta ɗan sassauta, amma Oygul ba ta da saurin saki.

"Ko da haka ne, ba ta waya ake gaya wa babba ba."

"Wannan kam kin yi gaskiya. Ƙafata ce ta yi nauyi, ga gurasar haƙuri na kawo."

"Kuma duk garin nan a rasa wanda za a ba sai gidan su Behruz?"

"Oygul, zauna ki yi tunani kamar mace." Na ja ta ta zauna a gefena. "Wa ya nemi yarinyar nan da akwatin zinariya aka mayar masa?"

"Su."

"To ranar biki, wa zai tashi tun asuba yana hura wuta?"

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Wa zai yanka albasa har ido ya yi ja? Wa zai ɗauko farantin farko da hannu biyu, ya ratsa maza ɗari biyar, ya durƙusa ya ajiye a gaban Usta Ergash, ya tsaya yana jiran ya ji ko ya yi? Uban Behruz. Shi kuwa surukinki yana can saman shimfiɗa, kusa da liman, cikin sabuwar alkyabba da Mirkomil zai yafa masa da hannunsa."

Na ga abin yana shigar ta a hankali. Ta kama bakin ɗankwalinta ta rufe baki. Kafaɗunta suka fara motsi, ban sani ba kuka ne ko dariya, ina jin duka biyun ne.

"Dada, kun yarda da wannan?" ta ce wa tsohon, don Dada, wato baba, take kiran shi.

Usta ya haɗe fuska, ya kau da kai. Ashe ya iya wasa.

"Za su kashe shinkafa," ya ce. "Yaran yanzu ba su san wuta ba. Amma matar nan tun tana yarinya ba a ja da ita. Ni na gaji."

"Sai dai fa a ji," in ji Oygul, tana share ido. "Yadda aka ji wancan a gidan shayi, a ji wannan. Ba zan yarda ya tsaya a tsakar gidan nan ba."

"Je ki ɗora sabon shayi, wannan ya huce. Ki turo min yaran."

Suka shigo tsuru-tsuru, idanu a kumbure, suna tafiya nesa da juna kamar ba su san juna ba. Na faɗa musu abin da aka yanke. Javlon ya durƙusa ya kifa goshi a gwiwar kakansa. Zarnigor ta tsaya tana kallo na, don ita ta san wa ya danna me. Na mintsine ta a cinya.

"Kawo wayar nan bakina." Ta kawo. Na rage murya. "Ke 'Yar Aike, ki gaya wa duk masu aiki cewa tun farko ni na ce Usta ba zai dafa ba, saman shimfiɗa zai zauna."

"Sannu da ƙoƙari, Buvi," ta ce. "Ba zan ce tun farko ba, don ba haka aka yi ba. Amma zan gaya musu wannan hukuncinki ne, kuma shi ne a kan duk abin da na aika a baya. In ce Usta Ergash shi ne babban baƙo, a tanadar masa mazauni da alkyabba, kuma a fara kai masa faranti. Ya yi?"

Na dubi ɗakin girki. Ruwa na zuba, Oygul ba ta ji ba.

"Ji min 'yar banza mai taurin kai," na ce. "Aika."

Kafin shayi ya tafasa wayar ta fara kuka. Tela yana tambayar faɗin kafaɗar Usta, da ko zare mai ruwan zinariya ake so a wuya. Mai kujeru ya ce zai kawo katifar da ya ajiye don manyan baƙi, ba sai an ƙara masa komai ba. Shugaban masu kakaki ya aiko murya yana dariya, ya ce za su busa tun daga kan kwana har Usta ya zauna. Mahauci kuwa a gidan shayi saƙon ya same shi, muna jin hayaniyar maza a bayan muryarsa. Oygul ta sa aka maimaita mata wannan sau biyu.

Amsar gidan su Behruz ce ta zo a ƙarshe, gajeriya: "To. An ji."

"Hola," in ji Oygul, tana miƙo min kofi da hannu biyu, "ƙyallen nan... ku bar shi a inda yake. Bakina ne ya yi zafi."

"Ni ban ji kin ce komai ba."

Ta juya wajen Zarnigor, ta daɗe tana kallon ta, sannan ta gutsuro gurasa ta sa mata a hannu. "Ci. Kin zama kamar sanda. Me mutane za su ce, ba mu iya kiwo ba?"

Yarinyar ta fashe da kuka a kafaɗarta. Javlon ya miƙe ya rasa inda zai sa hannunsa, sai ya hau goge butar shayi da hularsa.

"Buvi," Zarnigor ta raɗa min daga baya, "Dada zai yarda ya yafa alkyabbar?"

"Tela ya ji, mahauci ya ji, gidan shayi ya ji. Ubanki yana iya ja da ni, ba ya iya ja da gidan shayi. Ku je mota."

Suka fita, wannan karon kafaɗa na gogar kafaɗa. Oygul ta bi su da ragowar inabi a kwano. Na tsaya ina laluben takalmina, sai Usta ya jawo bakin mayafina.

"Hosiyat, kin fitar da ni. Amma kin manta abu ɗaya."

"Ni ba na mantuwa."

"Farantin farko. Zai ajiye min, maza ɗari biyar su yi tsit suna jiran in ɗanɗana in yanke hukunci. Me zan ce? Yashi zan ji."

Na zura ƙafa ɗaya, na zura ta biyu.

"Ka tauna a hankali, ka rufe ido, ka daɗe. Sannan ka ce, 'Ba laifi, amma gishiri ya ɗan gaza.'"

"In kuma ya yi daidai fa?"

"Gidan su Behruz ne suka dafa, Ergash. Wa zai ƙaryata ka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na bar shi yana bubbuga ƙirji, na fita wajen yaran.